Littafin da Ya Faɗa Rabon Inna

Tun ranar da Nafisa ta bugo waya na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a falo, in miƙe in leƙa geti, in dawo in kunna rediyo, in kashe. Wai wasu ɗaliban jami'a ne ke rubutu a kan littattafan mahaifiyarku, sun ji ƙishin-ƙishin akwai na huɗu da bai taɓa fitowa ba, suna son sanin inda ya shiga. Wannan bai dame ni ba, ɗalibi ai tambaya ce sana'arsa. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da na jiyo Kabiru ya jefo daga gefen wayar, yana zaton kunnen tsoho ya mutu: wai jahilcin tsohuwa ne ya cinye littafin. Kabiru, tsohuwar nan kakarka ce, ita ta haifi wadda ta haife ka. Kuna ƙanana aka yi abin, kowannenku ya tashi da guntun labari a hannu yana ta juya shi yadda ya ga dama. To ga shi cikakke, daga bakin wanda aka yi komai a gabansa, kuma da amincewarsa.

Ni safiyo ne, kun sani, awon filaye ya kawo ni Abuja tun garin yana rabin daji. Mu ne masu shiga ƙauyukan Gbagyi da igiyar awo da turaku, mu kafa nan, mu kafa can, mu koma ofis mu zana a takarda, bayan ɗan lokaci a zo a ce wa mutanen su tashi an ba su wani wuri. Da na ɗauko mahaifiyarku Saudatu daga Malumfashi, aikin koyarwa ta bari ta biyo ni, na kai ta kwatas ɗin ma'aikata a Wuse, hawa na sama. Ba tsakar gida, ba zaure, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce a sam mata gishiri. In na fita da safe sai ta ji ƙarar kulle ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, daga nan shiru har yamma. Ni kuwa in na dawo bakina ba ya rufuwa, in zauna ina cin tuwo ina ba ta labarin inda muka yi awo. Ba ta cika tanka min ba, sai can ta jefo wata tambaya da ba ta da alaƙa da aikina.

"Turmin fa? Sun tafi da shi, ko nan suka bar shi?"

"Wane turmi kuma, Saudatu? Ina miki maganar titi mai hannu biyu."

"Ai na ji. Makabartarsu a fulotin wa ta faɗa?"

Ban san ina kai mata itace ba ne, ita tana hura wuta. Takardun taswira da suka lalace a ofis nake kwaso mata don ta riƙa shimfiɗa wa kabad, ashe bayansu take juyawa tana rubutu da rana in gida ya yi tsit. A haka littafin farko ya fito: wani babban mutum ya gina katafaren gida a kan tudu, shi yana ƙasar waje, iyalinsa suna Kaduna, ba mai kwana a ciki. Kullum da la'asar sai a ji daka a ƙarƙashin falon, lugude sosai na mata biyu, daidai lokacin da matan ƙauyen da aka tasa suke dakan tuwon dare. An fasa daɓen, an tona, ba a ga komai ba, aka sake shimfiɗa wani mai tsada, dakan bai fasa ba. Ni da na kafa turakun irin waɗannan gidaje da hannuna, da na kai ƙarshen littafin sai da na fita baranda na tsaya ina kallon motoci don in tabbatar ina cikin mutane.

Bari in gaya muku abin da mahaifiyarku ta yi, don ɗaliban nan za su faɗa muku da manyan kalmomi, ni kuwa da ƙananan zan faɗa. Kafin ita, in ka sayi littafin Hausa a kasuwa, soyayya za ka taras. In an sa abin tsoro, to aljani ne mai kofato, ko mayya, ko boka a kogon dutse, abin da yake can nesa a daji, wanda in ka rufe littafin ka rufe shi ke nan. Ita sai ta ɗauko tsoro daga gindin tsamiya ta shigo da shi falo, ta zaunar da shi a kujera mai laushi, ta kunna masa fanka. Kuma ba ta taɓa nuna maka abin ba. Ka bincike littattafan nan uku, ba inda wani ya ga fatalwa da idonsa. Motsi ne, ko wari, ko ƙofar da aka bari a rufe aka taras a buɗe. Mai karatu yakan fara da tambayar mene ne wannan, kafin ya kai tsakiya tambayar ta koma wa aka zalunta a gidan nan. Na biyu a kan matar wani ma'aikaci ne da take jin sallama a ƙofarta kullum da hantsi, in ta buɗe ba kowa, ashe maƙwabciyarta ta rasu ita kaɗai a ɗaki, ba wanda ya sani a duk benen. Na uku a kan wani darakta ne da ya ɗauko mahaifinsa daga ƙauye ya ajiye shi a ɗakin baya kusa da janareta, don kada baƙi su ga tsohon yana tofar da goro. Tsohon ya rasu, tarinsa bai rasu ba. Garin da kowa yake taƙama sabo ne fil, ba shi da kufai, ba shi da tsohon gida, ita ta ce ƙarya ne, kufan yana ƙarƙashin kafet. Abin da muka sani duka muka ƙi faɗa, shi ta faɗa.

Mai sayar mana da su a kasuwar Wuse wani mutumin Filato ne, Hausarsa irin ta Abuja, ba ruwansa da mace ko namiji. Duk ranar da na kai masa kwali sai ya tare ni da ƙara.

"Oga, wannan madam naka yana da wahala fa. Mata su zo su ce, ba mu wanda yana hana barci. Ɗaya ya dawo min da shi, ya ce ba zai ajiye wannan abu a gida ba. Jibi kuma ya zo ya saya na biyu."

In na kawo mata wannan labarin sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce in gaya masa madam ɗin yana gaishe shi.

Shekarar da Auta ta shiga firamare Saudatu ta kwanta, ciwon ciki ne da muka raina, kafin mu farga ya yi nisa. A lokacin tana kan littafi na huɗu, ta daɗe a kansa fiye da sauran. Dokarta ɗaya ce tun farko: ba mai karanta mata rubutu sai ta gama, wai in an leƙa tsoron yakan tsere. Takan ɗaure takardun a wani tsohon kallabi mai ruwan ƙasa ta tura saman kabad, ni kuma ban taɓa kai hannu ba, ba don ba na so ba. Abin da kawai ta taɓa gaya min a kansa, wata rana tana ninke kaya, shi ne, "Waɗancan ukun koyo nake yi. Wannan shi ne littafin." Ta rasu saura kaɗan ta ƙarasa.

Inna, kakarku, ta zo daga Malumfashi ta zauna da mu. Sai kun fahimci wani abu game da ita kafin ku yanke mata hukunci. Saudatu ce 'yar farinta, kuma Inna mutumiyar da ce, irin masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta goye ta a gaban mutane ba, ba ta yabe ta ba, wata gwaggo aka ba ta ta raine ta. In za ta ambace ta sai ta ce 'yar nan, ko waccan. Da aka yi rasuwar ma mutane suna ta kuka, ita tana zaune da carbi fuskarta a bushe, don a al'adarsu uwa ba ta nuna an taɓa ta a kan ɗan fari. Duk abin da ke cikinta a ciki ya tsaya, ba ƙofar fita.

Cikin masu zuwa ta'aziyya wata mata mai yawan zuwa wa'azi ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani, da kyakkyawar niyya, na yarda. Kun san yadda ake yi a wurinmu: in mawaƙi ko ɗan fim ya rasu, iyalansa sukan fito su roƙi jama'a a goge waƙoƙinsa da hotunansa, don kada a ci gaba da rubuta masa zunubi yana kabari. Matar ta ce littafi ma haka ne, duk wanda ya buɗe ya karanta, ana kai wa wanda ya rubuta shi zunubin. Daga ranar Inna ta daina barci. Ta daina cin abinci sai kunu. Da rana sai ka gan ta tana kai da komo daga kicin zuwa baranda, ita da ba ta saba da bene ba, ta tsaya ta dubi kwalayen littattafan da ke jibge a lungu, ta kau da kai. Ana gab da sadakar arba'in ta aika a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba, ita tana ciki ta ba ni gefe.

"Alhaji, takardun nan na 'yar nan nake so a tattara a ƙona. A kuma yi sanarwa, duk mai shi a hannu ya yi wa Allah ya ƙona."

"Inna, ai ba saɓo a ciki. Labarai ne kawai."

"Labaran fatalwa. Sun faru ko ba su faru ba?"

"Ƙagaggu ne, Inna."

"To ƙarya ke nan. Tana can kwance, nan ana ta karanta ƙaryarta, ana tsorata bayin Allah da sunanta. Kai kana barci, ni ba na yi. Da na rufe ido sai in gan ta tsaye a bakin ƙofa da kaya a ka, ta rasa mai sauke mata."

Na tashi daga wurin raina a ɓace, kuma kada ku ɗauka ɓacin rai kaɗai ne, har da tsoro. Ni ma Musulmi ne, ni ma na san kabari. In na ce a'a, ya zamana Inna ce da gaskiya, wa zai ɗauki nauyin? Ba ni ba, wadda ba ta da bakin magana ce. In kuma na ce to, na ɗauki aikin rayuwar matata na cinna masa ashana da hannuna, bayan na san abin da ke ciki. Ga shi ba a musu da suruka, balle wadda ta binne 'yarta. Na yi ta zagaye a ofis kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har ogana ya ce in koma gida in huta. A nan ne kan ma'aikacin gwamnati ya yi min aiki. Mu in abu ya gagare mu, doka muke nema mu fake a bayanta. Na ce ai littattafan nan kayan marigayiya ne, kayan mamaci kuwa ba mai ikon taɓa shi sai an raba gado. In aka raba, ni miji ina da rubu'i, sai in ce a zuba min littattafan a rabona, in bar wa Inna da ku fulotinta na Karshi da 'yan kunnenta da keken ɗinki. Abin da ya zama nawa kuwa ba mai ce min in ƙona. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na ci abinci a ranar.

Na sami Malam Isiyaku, limamin masallacin unguwarmu, shi yake raba mana gado in an yi rashi. Dattijo ne mai sanyin magana, ba a yi masa gaggawa.

"Malam, littafi dukiya ne da ake gado?"

"Ya danganta da abin da ke ciki, Alhaji. Giya ma ana sayar da ita, amma ba a gadonta. In abin ɓarna ne, ba ya shiga rabo, zubarwa ake yi. Sai na karanta tukuna."

Ban yi tsammanin wannan ba. Washegari ya zo ya ƙidaya kayan marigayiya a gaban shaidu, ya ce daga yau amana ne a hannunsa, ya tafi da littattafan uku, ya kuma sa aka sauko da ƙunshin kallabin nan daga saman kabad aka haɗa masa. Ina tsaye ina kallo aka fita da shi. Makonnin da suka biyo baya ni da Inna muka zama kamar masu jiran sakamakon asibiti, ita tana kai da komo a ciki, ni a waje. A masallaci nakan saci kallon fuskar Malam ko zan karanci wani abu. Wata rana bayan azahar ya riƙe hannuna, idanunsa sun yi ja, ya rage murya.

"Alhaji, tsohon nan na ɗakin baya, ɗan nasa zai gane kuwa kafin... A'a, bari. Kada ka gaya min."

Ranar rabo aka taru a falonmu da hantsi, Malam da shaidu biyu da ni, Inna tana daga ƙofar ɗaki a kan tabarma. Ku an tura ku makaranta. Malam ya ajiye littattafan a gabansa ya dafa su.

"Na shiga littattafan nan ina neman aljani, ban same shi ba. Ba tsafi, ba batsa, ba inda aka ce wani yana da iko ban da Allah. Abin da na samu haƙƙi ne: haƙƙin maƙwabci, haƙƙin iyaye, haƙƙin wanda aka tasa daga gonarsa. Shekara da shekaru ina faɗar wannan a kan mumbari mutane suna gyangyaɗi, ita ta faɗa ta hana ni barci. Ba zan ɓoye muku ba, ina gama na ukun na shiga mota na tafi ganin yayata da na daɗe ban leƙa ba. Saboda haka dukiya ne, ana gadonsu. Amma Hajiya, in kin tambaye ni ko lada ake rubuta mata ko akasinsa, wannan ba a hannuna yake ba. Ina kyautata zato, iyakar abin da zan iya ke nan. Na cikin kallabin kuwa ban kwance ba. Abin da mai shi ba ta fitar ba, ba ni zan fara buɗewa ba."

Zuciyata ta yi fari tas. Na gyara zama na faɗi buƙatata, a ba ni littattafan, a ba su sauran. Malam ya ce hakan ya halatta in duk magada sun yarda, don kafin a raba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikin kowane abu, har allura. Ya juya ya tambayi Inna, mai sudusi, ko ta amince. Tsohuwar da Kabiru ya kira jahila, a nan take ta gama gano abin da ni mai digiri ban hango ba: ranar da na mai da littattafan dukiya, ranar na ba ta rabo a cikinsu.

"Malam, ka ce ina da haƙƙi a cikin kowane abu?"

"Haka ne, Hajiya."

"To ba na son fili, ba na son zinariya. Me zan yi da su? Ukun nan sun riga sun shiga duniya, ko na ƙona na gidan nan, na hannun mutane fa? Na bar masa su, ya buga ya sayar, shi da Allah. Na cikin kallabin nake so. Shi ba a fara rubuta mata komai a kansa ba. Shi kaɗai zan iya tare mata."

Na manta da kunyar suruka na ɗaga kai na dube ta, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, shi ne wanda ta fi so. Babu wani kwafinsa a duniya."

"Na sani. Shi ya sa."

"To a bar ni in karanta sau ɗaya, kafin..."

"In ka karanta ai ya zauna a kanka. Me na ƙona ke nan?"

Malam ya bayyana min a fili. Ba dole sai na yarda ba. Amma in na ƙi, Inna ma tana da ikon ƙin nawa, sudusinta ya zauna a cikin duka huɗun, ba a sake buga ko ɗaya sai da izininta, kuma kowa a falon ya san ba za ta bayar ba. Ya ce in je in yi tunani. Ban je ko'ina ba, don na san in na fita da wannan tunanin zai kashe ni a tsaye. Na dubi ukun da ke gaban Malam, waɗanda mata suke zuwa Wuse nema, waɗanda suka tura liman ganin yayarsa. Na dubi ƙunshin da ba wanda ya san abin da ke ciki sai wadda ta tafi. Sannan na dubi Inna. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa, idanunta sun faɗa, kuma a duk duniya abu ɗaya take roƙo ta yi wa 'yar da ba ta taɓa iya yi wa komai a fili ba. Na ce na yarda. Da bakina na faɗa, a gaban shaidu, ba wanda ya tilasta ni.

Ba a hura wuta a bene, kuma Inna ta ce a fulotin 'yar nan take so a yi. Na ɗauke ta a mota muka tafi Karshi, ita a baya da ƙunshin a cinya da tsohon kasko da ashana. Fulotin ba gini a kai, sai ciyawa da wata bishiyar kashu, can gefe matan Gbagyi suna wucewa da itace a kafaɗa. Ta ce in tsaya wurin mota. Ta zauna a ƙasa ta kwance kallabin, ta hura wuta, ba ta zuba su gaba ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya take sawa. Kowace takarda sai ta riƙe ta ɗan jima tana kallon rubutun, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, sannan ta sa. Daga inda nake ina hango bayan takardun, layukan taswira da na zana da hannuna, suna nannaɗewa suna baƙi. Iska ta ɗauko guda ɗaya ta kawo ta har gaban takalmina. Na sunkuya na ɗauka. Gefen taswirar ne a sama, juyawa kawai zan yi. Ban juya ba, na taka na kai mata a yadda take, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Da ta sa ta ƙarshe, ta ninke kallabin ta rungume a ƙirji. Sai na ji ta yi magana, ba da ƙarfi ba, da irin muryar da ake lallashin jariri.

"Saudatu. Saudatu, sauke kayan. Kwanta ki huta, 'yata."

Tun da ta haife ta, wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta. Daga nan kukan ya ɓalle mata, wanda ta riƙe tun ranar rasuwa, wataƙila ma tun ranar haihuwa. Na juya baya na dafa mota na yi nawa. A hanyar dawowa muka shiga cunkoson Nyanya, ana ta hon, masu talla suna buga gilashi, na duba madubi na ga Inna ta jingina kai da taga tana barci, bakinta a ɗan buɗe, kallabin a hannunta. Har muka isa Wuse ba ta motsa ba, na kashe mota na zauna ina jira don kada in tashe ta.

Ta koma Malumfashi bayan kwana kaɗan, da ƙibarta ta fara dawowa. Ranar tafiya, ina durƙushe ina yi mata sallama, ta ce min ta ga 'yar nan a mafarki, ba kaya a kanta, tana dariya. Sannan ta tambaye ni.

"Kai fa, Alhaji, ta zo maka?"

Na ce tukuna. Ta ce za ta zo, in yi haƙuri.

Ukun an sake buga su, an kuma sake, har ga shi yau ana rubutu a kansu a jami'a. Nafisa, ki gaya wa ɗaliban huɗu ne, uku nasu ne, na huɗun ya faɗa rabon uwa, ta yi abin da ta ga shi ne gata ga 'yarta. Kabiru, in kana neman wanda za ka ji haushi, ga ni, ni na ce na yarda, kuma ko yau aka dawo da ni falon nan ban san wace amsa zan bayar ba in ba ita ba. Amma kada ku zaci abin ya wuce min. Duk gidan da na gani a Asokoro ko Maitama, fitilu a kunne, labule a sauke, ba kowa ciki, sai in rage gudu in ce ko a kan wannan ta rubuta na huɗun. Na ƙaga littafin nan a kaina ya fi a ƙirga, kowanne na san ba shi ba ne, don ni turaku na iya kafawa.

Inna ta rasu da jimawa, cikin natsuwa. Kun watse, kowa da gidansa, an bar ni a wannan da na gina bayan ritaya, ɗakuna birjik, mutum ɗaya. Gida ne irin wanda mahaifiyarku za ta so ta rubuta. Ina kasa kunne da hantsi ko zan ji sallama, ina kasa kunne da la'asar ko zan ji motsi, in ƙofa ta yi ƙara sai in miƙe da sauri, in tarar iska ce. Mutanen littattafanta duk gudun abin da ke zuwa suke yi, ni kuwa jiransa nake. Ni da na tsare mata ukun, ko a mafarki ba ta taɓa leƙo ni ba. Wurin wadda ta ƙona na huɗun ta je.